Yadda Ɗalibin Sakkwato Zai Zaɓi Jami'a Idan Aikin Kuɗi Yake Nufi

Duk shekara idan hukumar JAMB ta buɗe rajista, cibiyoyin cike fom na cikin garin Sakkwato sukan cika da samari da 'yan mata, kuma da yawa daga cikinsu suna tsaye a layi suke yanke shawarar jami'ar da za su nema, wani lokaci ma mai buga musu bayanai a kwamfuta ne yake zaɓa musu. Tambayar da aka fi yi ita ce wace jami'a ce ta fi suna. A ganina, ga wanda yake son ya yi aiki a fannin kuɗi, wannan tambaya ta zo a juye. Ya kamata a fara daga kujerar aikin da ake fatan zama a kai bayan shekara shida ko bakwai, sannan a dawo da baya a ga wane sashe ne, a wace jami'a, zai kai mutum can a kan lokaci, da sakamako mai kyau, ba tare da ya karya mahaifinsa ba.

Aikin kuɗi ba abu ɗaya ba ne. Akwai akanta mai riƙe da littattafan ma'aikata ko na kamfani, kamar waɗanda suke aiki a ofishin Akanta Janar na jiha ko a masana'antar siminti ta BUA da ke Kalambaina, akwai kuma odita mai bin diddigin abin da akantan ya rubuta. Akwai ma'aikacin banki, akwai jami'in haraji, akwai masu sa ido a kan harkar baki ɗaya a Babban Bankin Najeriya, da hukumar inshorar ajiya ta NDIC, da hukumar kasuwar hannun jari ta SEC, da hukumar fansho ta PenCom. Sai kuma dillalan hannun jari da masu juya dukiyar jama'a, waɗanda galibinsu a Legas suke. Kafin ka taɓa fom, ka zauna ka ware biyu daga cikin waɗannan da ranka ya fi kwanciya da su, ka nemi wanda yake yin aikin a yanzu, ko ɗan unguwarku ne ko abokin yayanka, ka tambaye shi abin da ya karanta da takardar da aka fara nema daga gare shi ranar da aka ɗauke shi.

Darussa uku ne suka fi kai mutum ga waɗannan ayyuka: ilimin akanta, nazarin tattalin arziki wanda aka fi sani da tsimi da tanadi, da kuma nazarin banki da harkokin kuɗi. Mutane da dama suna zaton wanda yake son aikin banki dole ne ya karanta banki, alhali bankunan kasuwanci suna ɗaukar masu digiri daga kusan kowane fanni, su horar da su na wasu watanni kafin su tura su rassa. Saboda haka digirin banki bai ba mai shi wata ƙofa da aka rufe wa sauran ba. Digirin akanta kuwa yana buɗe ƙofar banki, ya kuma buɗe ta odita da ta haraji da ta baitulmali, shi ya sa nake ganin shi ne ya fi faɗi ga wanda bai tsayar da ransa wuri ɗaya ba. Tsimi da tanadi ya fi dacewa da mai ƙarfi a lissafi wanda yake hangen sashen bincike na Babban Banki ko tsara manufofin gwamnati, kuma yawanci sai an ɗora digiri na biyu a kansa yake nuna amfaninsa. Sanusi Lamido Sanusi, wanda ya shugabanci Babban Banki daga 2009 zuwa 2014, tsimi da tanadi ya karanta a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kafin ya shiga aikin banki.

Da zarar ka tsayar da darasi, sai ka buɗe kundin JAMB na shekarar, wanda yake a shafinta na intanet, ka ga waɗanne jami'o'i ne suke koyar da shi da kuma sharuɗɗan kowacce. Kada ka dogara da abin da wani ya gaya maka cewa haka aka yi a zamaninsu. A dunƙule ana neman kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da lissafi da tsimi da tanadi, kuma a jarrabawar UTME ta JAMB ana haɗa Turanci da lissafi da tsimi da tanadi da wani darasi guda, amma jami'o'i sukan bambanta a kan darasi na huɗun da kuma ko suna karɓar sakamakon zama biyu. Wanda bai da kiredit a lissafi ya sake zama jarrabawa kawai, domin babu wata dabara da za ta tsallake da shi.

Yanzu sai batun da aka fi sakaci da shi, wato tantancewa. Ba jami'a kaɗai ake tantancewa ba, kowane darasi a cikinta ana tantance shi daban. Hukumar kula da jami'o'i ta NUC takan tura masana su duba yawan malamai da matakin karatunsu, da ɗakin karatu, da azuzuwa, sannan ta ba darasin cikakkiyar amincewa, ko ta wucin gadi, ko ta hana shi baki ɗaya. Yana yiwuwa jami'a ta yi fice a likitanci ko shari'a amma sashenta na akanta yana kan amincewar wucin gadi, kuma yana yiwuwa ƙaramar jami'a da ba a jin sunanta ta sami cikakkiya. Tun da NUC ta fito da sabuwar manhaja a ƙarshen 2022, wadda ta tsara kashi 70 cikin 100 na abin da za a koyar ta bar wa kowace jami'a kashi 30, abin da ke rubuce a takarda ya yi kusa da juna a ko'ina. Bambancin ya koma ga wanda yake tsayawa a gaban allo, da kuma abin da jami'ar ta zuba a cikin kashi 30 ɗin nata.

Ga mai karatun akanta akwai tantancewa ta biyu, kuma ita ce take taɓa aljihu kai tsaye. Digiri shi kaɗai ba ya mayar da mutum ƙwararren akanta a idon doka da masu ɗaukar aiki, sai ya zama ɗan ɗaya daga cikin ƙungiyoyin sana'ar. Ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta ICAN, wadda dokar 1965 ta kafa, tana da jarrabawa hawa uku, kuma takan yafe wa wanda ya fito daga sashen da ta tantance hawan farko da wasu takardu na hawa na biyu, alhali wanda ya fito daga sashen da ba ta tantance ba yafiyarsa ba ta kai haka ba. Kowace takarda da aka yafe maka kuɗin jarrabawa ne da watannin karatu da ka tsira da su. Ɗaya ƙungiyar akantocin kuwa, wato ANAN, wadda aka kafa a 1979 ta sami amincewar doka a 1993, tsarinta daban ne: mai digiri ko babbar difloma a akanta yakan je kwalejinta da ke Kwall kusa da Jos, sannan ya yi horon aiki a ƙarƙashin ƙwararre. Ma'aikatan gwamnati da yawa a Arewa ta wannan hanya suka bi, amma manyan kamfanonin odita irin su KPMG da PwC da Deloitte da EY sun fi karkata ga ICAN ko ACCA ta Ingila. Don haka idan ka je sashen akanta na kowace jami'a, tambayarka ta farko ita ce ko ICAN ta tantance su, kuma yaushe wa'adin tantancewar zai ƙare. Masu hangen banki su yi irin wannan tambaya game da ƙungiyar ma'aikatan banki ta CIBN. Shiga sashe ba tare da sanin wannan ba sayen kifi ne a ruwa.

To, ina za a nema? A gida akwai Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wadda aka kafa a 1975 da sunan Jami'ar Sakkwato aka sauya mata suna a 1988, tana da tsangayar nazarin gudanarwa inda ake koyar da akanta, tana kuma koyar da tsimi da tanadi a tsangayar nazarin zamantakewa. Tsohuwar jami'a ce wadda tsofaffin ɗalibanta suke cike da ma'aikatun Sakkwato da Kebbi da Zamfara da rassan bankunan yankin, kuma wannan ba ƙaramin jari ba ne ranar neman aiki. Akwai Jami'ar Jihar Sakkwato, ga kuma jami'o'in tarayya na Birnin Kebbi da Gusau da aka kafa a 2013, waɗanda gasar shiga cikinsu ba ta kai ta tsofaffin zafi ba. Idan aka matsa gabas, Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, ta daɗe tana yaye akantoci da ma'aikatan mulki, kuma da wuya ka shiga wata hukumar kuɗi a Abuja ba ka tarar da ɗalibanta ba. Jami'ar Bayero ta Kano tana da abin da sauran ba su da shi, wato zama a tsakiyar babbar kasuwar Arewa, ga makarantar kasuwanci ta Dangote, ga kuma cibiyar nazarin banki da harkar kuɗi ta Musulunci.

Wanda zuciyarsa take kan kasuwar hannun jari ko bankin zuba jari ya faɗa wa kansa gaskiya tun yanzu cewa wannan aiki a Legas yake. Can kasuwar take, can hedikwatar mafi yawan bankuna take, kuma ɗalibin Jami'ar Legas yana iya zuwa koyon aiki a lokacin hutu ya dawo ya kwana a ɗakinsa. Ba dole ne sai ka yi digirin farko a can ba, amma idan ka zauna a Sakkwato sai ka shirya cike giɓin da jarrabawar ƙwarewa irin ta ƙungiyar dillalan hannun jari ko ta masu nazarin zuba jari, wato CFA ta Amurka, da neman a tura ka Legas ko Abuja hidimar ƙasa.

Tsarin rabon gurabe ma abin lissafi ne. Jami'o'in tarayya suna ba da kashi 45 na gurabensu bisa cancanta zalla, kashi 35 ga jihohin da ke yankinsu, kashi 20 kuma ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko, kuma Sakkwato da Kebbi da Zamfara suna cikin wannan rukuni na ƙarshe. Ma'anar wannan ita ce makin da ba zai isa ba ta ƙofar cancanta yana iya isa ta ƙofa ta biyu ko ta uku, musamman a jami'ar da Sakkwato take cikin yankinta. Sai dai kada ka ruɗu da mafi ƙarancin makin da JAMB take sanarwa, domin sashen akanta yana cikin waɗanda ake rububinsu, kuma makin da yake yankewa yakan ɗara na jami'ar gaba ɗaya. Ka binciki inda sashen ya tsaya a bara da bara waccan, ka auna da abin da kake samu a gwajin da kake yi wa kanka.

Akwai wani ma'auni da iyaye ba su cika sa shi a lissafi ba, shi ne shekaru. Bankuna da kamfanonin odita idan suna tallar ɗaukar sababbin masu digiri sukan sa iyakar shekaru, galibi 26 ko 27. Ɗalibin da ya shiga jami'a yana da shekara 20, ya yi huɗu, ya jira kiran hidimar ƙasa na wasu watanni, ya yi shekara guda a can, ya riga ya kai 25 ko 26 ko da komai ya tafi daidai. A 2020 yajin aikin ASUU ya ci wata tara, na 2022 kuma ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma jami'o'i da dama sun daɗe suna gyara kalandarsu bayan nan. Saboda haka ka tambayi 'yan aji huɗu na sashen da kake nema a wace shekara suka shiga, amsarsu ta fi duk abin da aka rubuta a takardar talla. Wanda ya riga ya haura 20 bai kamata ya zauna shekara biyu yana sake JAMB don lallai sai jami'a guda ba. A nan ne jami'o'i masu zaman kansu, irin su Al-Qalam ta Katsina ko Jami'ar Amurka da ke Yola, suke da hujjarsu, domin ba sa shiga yajin aikin ASUU, amma kuɗinsu sai mai hali.

Bayan shekaru sai darajar digiri. A ma'aunin maki biyar, daraja ta ɗaya tana farawa daga 4.50, ta biyu ta sama wadda ake ce wa 2:1 daga 3.50, ta biyu ta ƙasa daga 2.40. Wurare masu tsoka da yawa 2:1 suke nema, kuma tun a shafin cike fom ake tace masu nema kafin wani mutum ya kalli sunan jami'a. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa nake ba mafi yawan ɗaliban Sakkwato shawarar su yi wa jami'ar gida kallon mutunci. Wanda yake cin tuwon gidansu, ko yake zaune a ɗakin kwanan ɗalibai a Dundaye, mazaunin Jami'ar Danfodiyo, inda kayan abinci suke iske shi daga gida a rana guda, yana da natsuwar da zai fita da 2:1 har ya fara jarrabawar ATS ta ICAN, ta ƙananan akantoci, wadda mai takardar sakandare ma yana iya shiga, tun yana aji biyu. Takwaransa da ya tafi nesa don suna, yana fama da kuɗin haya da na abinci, yana bin hanyar Talata Mafara da Gusau da Funtuwa sau da yawa a shekara da fargabar da kowa ya sani, idan ya fita da daraja ta biyu ta ƙasa, sunan jami'ar ba zai ɗaga masa ita ba. Wanda gidansu yake da hali, ko yake da dangi a Zariya ko Kano, nasa lissafin daban ne, kuma fita daga gida tana da nata amfanin na gogewa da sanin mutane.

A lissafin kuɗi kada a tsaya a kan kuɗin rajista, domin sau da yawa shi ne ƙarami. A haɗa masauki da abinci da sufuri da littattafai da kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda ta zama dole ga ɗalibin wannan fanni, a ninka sau huɗu, a ƙara abin da tsadar rayuwa za ta ƙara, sannan a ware wani abu domin jarrabawar ƙwarewa. Tun 2024 akwai asusun lamunin karatu na NELFUND ga ɗaliban manyan makarantun gwamnati, wanda yake biyan kuɗin makaranta kai tsaye ya kuma ba ɗalibi kuɗin kashewa a wata. Babu kuɗin ruwa a cikinsa, abin da yake kwantar da hankalin iyaye da yawa a nan, kuma ana fara biya ne shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Ɗaliban jami'o'i masu zaman kansu ba sa cikin tsarin.

Tun da an ambaci kuɗin ruwa, akwai gidaje da dama a Sakkwato da mahaifi zai ce ɗansa ba zai yi aikin banki ba saboda riba, kuma wannan magana ce da ya kamata a yi ta kafin a cike fom, ba bayan an gama digiri ba. Fagen ya faɗaɗa tun da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank ya biyo baya a 2019, Lotus a 2021, dukkansu bankunan da ba sa harka da riba, ga kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci, ga kuma sukuk, takardun zuba jari na tsarin Musulunci, da gwamnatin tarayya ta fara fitarwa a 2017 da naira biliyan 100 domin gina hanyoyi. Waɗannan wurare suna buƙatar mutumin da ya iya akanta ya kuma fahimci murabaha da mudaraba da ijara. Ɗalibin da ya taso yana karanta babin ciniki a Risala a makarantar zaure yana da rabin guzurin. Shawarata gare shi ita ce ya yi digirin farko a akanta ko tsimi da tanadi, sannan ya ɗora na biyu a harkar kuɗi ta Musulunci, a Bayero ko wani wuri, domin ya bar wa kansa ƙofofi biyu a buɗe.

Zuwa da kai ya fi aike. Idan jami'ar tana kusa, ka je sashen da ƙafarka a ranar karatu, ka leƙa aji ka ga ɗalibai nawa suke zaune nawa suke tsaye a taga, ka karanta allon sunayen malamai ka ga nawa ne suke da ACA ko FCA, laƙabin 'yan ICAN, ko CNA na 'yan ANAN a bayan sunansu, domin malamin da ya ci jarrabawar ƙwarewa ya san inda take kamawa. Ka tambayi ɗalibai ko ana sa su a gaban kwamfuta su yi aiki da Excel da manhajojin akanta ko a allo kawai ake zana musu, ko sakamakon jarrabawa yana fitowa a kan kari, da kuma inda masu shirin ICAN suke zuwa darasi da zama jarrabawa. Ɗaliba mace, ita da waliyyinta, su ƙara da duba ɗakin kwanan mata da tsaronsa, kuma idan akwai maganar aure a tsakiyar karatu, a zaɓi garin da za a zauna tun yanzu, domin sauya jami'a a tsakiyar digiri yakan ci shekara.

Wanda makinsa bai kai ba yana da hanyar kwalejin fasaha, kamar ta Umaru Ali Shinkafi da ke nan cikin gari. Ƙaramar difloma mai kyakkyawan sakamako a akanta tana ba shi damar shiga aji biyu na jami'a kai tsaye ta hanyar JAMB, kuma ƙungiyoyin sana'ar suna karɓar babbar difloma. Karatun ƙarshen mako ko na wucin gadi ya dace da ma'aikaci, amma matashi ya sani cewa ba a tura masu irin wannan digiri hidimar ƙasa, takardar keɓewa ake ba su. Digirin da dillalai suke tallatawa a maƙwabtan ƙasashe kuwa a yi hattara da shi ƙwarai: a Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya nuna yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin 'yan makonni. A fannin da amana ce jarinsa, takardar da ake shakka a kanta nauyi ce ga mai ita.

Idan ka tace jami'o'in suka rage biyu, ka sa wadda makinka zai iya kaiwa a zaɓin farko, domin jami'o'in da ake rububinsu ba sa waiwayar wanda ya sa su a na biyu. Idan sakamakon UTME ya fito ƙasa da yadda ka zata, JAMB tana ba da damar sauya jami'a ko darasi, kuma gara a yi hakan da wuri kafin jami'ar da za a koma ta rufe rajistar tantance masu neman shiga. Ka tabbata an ɗora sakamakonka na WAEC ko NECO a shafinka na JAMB, ka riƙa duba shafin CAPS, inda JAMB take nuna gurbin da aka ba ka, da kanka ba ta hannun mai shago ba, kuma ka karanta sunan darasin da aka ba ka da kyau kafin ka danna amincewa, domin wani lokaci jami'a takan miƙa wa mai neman akanta wani darasi na daban, kuma duk gurbin da bai bi ta CAPS ba zai ba ka wahala ranar da za a kira ka hidimar ƙasa.